Sutura da Amana: Ina Iyakar Tonon Jiyan Mutum?

Shekaru shida da suka wuce mutanen unguwarmu suka gaji da sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, suka yanke shawarar haƙa rijiyar burtsatse da kuɗin aljihunsu. Kowane gida zai riƙa ba da abin da ya sawwaƙa duk ranar Juma'a har kuɗin su kai. A cikin masu bayarwa akwai 'yan kasuwa, akwai kuma zawarawa masu sayar da ƙosai waɗanda naira ɗari biyunsu ta fi dubu goman wani nauyi. Da aka zo batun wanda zai riƙe kuɗin, sai aka ba da sunayen mutum biyu, aka kuma kafa kwamitin mutum uku da zai bincika halinsu kafin a tsayar da ma'aji: na'ibin limami, da wani tsohon malamin firamare, da ni a matsayin sakatare, don kawai ina da saurin rubutu.

Ɗaya daga cikin mutum biyun dattijo ne mai kantin kayan masarufi a bakin layi. Kowa a unguwa Baba yake ce masa. Shi ke ba matan aure bashin shinkafa idan wata ya yi nisa, a wurinsa ake ajiye makullin masallaci, kuma ban taɓa jin an kai shi gaban mai unguwa ba. Sai dai ni na san wani abu da sauran biyun ba su sani ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa gaya mini cewa a zamanin samartakarsu Baba ya riƙe makullin wani sito da ake ajiye takin zamani na manoma, buhuna suka yi ɓatan dabo, aka sallame shi daga aiki ba tare da an kai shi kotu ba. Abin ya fi shekara ashirin da biyar. Waɗanda suka san labarin sun mutu ko sun tashi.

Kwana uku na yi ina juya maganar. Idan na yi shiru, na ci amanar mai ƙosai, wadda ba ta da hanyar sanin abin da na sani. Idan na faɗa, na yaye wa dattijo rigar da Allah Ya lulluɓe shi da ita tun kafin in yi wayo. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ji a rediyo ana tantance ministoci ko kwamishinoni, waɗannan kwana ukun nake tunawa, domin tambayar ɗaya ce ko da kuɗin rijiya ne ko baitulmalin ƙasa: mene ne haƙƙin jama'a a cikin jiyan mutumin da za su ba ajiya, kuma a ina haƙƙin ya tsaya?

Bahaushe ya ɗauki sutura da girma. Kalmar da yake kiran tufafi da ita, da ita yake kiran rufin asiri, da ita kuma yake kiran likkafani, kamar dai yana cewa ɗan Adam ba ya rabuwa da buƙatar a rufe shi, a raye ko a mace. Addu'ar da ta fi yawa a bakin tsofaffi ita ce Allah Ya rufa asiri. Mai bin diddigin mutane ba ya samun yabo a wurinmu. Ana tuna masa cewa kaza mai yawan tone-tone ita ke tono wuƙar yankanta. Addini ma ya hana leƙen asirin mutane, ya kwaɗaitar da rufe laifin ɗan'uwa, ya buɗe ƙofar tuba har zuwa gargara. Al'ummar da ba ta yarda mutum ya canza ba ta yanke wa kowane matashi da ya yi tuntuɓe hukuncin zama a inda ya faɗi. Amma bakin da ya faɗi duk wannan shi ne kuma ya ce hali zanen dutse, ya ce ba a ba kura ajiyar nama. Karin maganarmu ba ta raba wannan gardama ba. Ta ba kowane ɓangare sanda ta koma gefe.

Inda na fara ganin haske shi ne a al'adar binciken aure. Idan saurayi ya fito neman 'yar mutane, iyaye sukan tura amintaccen mutum unguwarsu ya tambayi maƙwabta da abokan sana'a. Babu wanda ke kiran wannan gulma, kuma wanda aka tambaya ya san idan ya ɓoye aibin da zai cutar da yarinyar, yana da kamasho a cikin duk hawayen da za ta zubar. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa ya halatta, kuma a cikinsu akwai ba da shawara ga wanda ke shirin ƙulla aure ko tarayyar kasuwanci ko ba da ajiya. Dalilin a fili yake. Muddin mutum yana zaune a cikin rayuwarsa, jiyansa nasa ne shi da Ubangijinsa. Ranar da ya miƙa hannu zai karɓi abin wani, mai abin ya sami rabo a cikin wannan jiyan, gwargwadon abin da za a karɓa. Manemin aure shi ya kawo kansa. Haka ma mai neman muƙami, ko wanda aka yi wa tayi ya amsa. Kuma masu abin a muƙamin gwamnati ba sa cikin ɗakin da ake naɗin: majinyacin da zai je asibiti ya tarar babu magani, da ɗan fanshon da zai mutu a layi, da yaron da za a koyar a ƙarƙashin bishiya. Mai bincike wakilinsu ne. Idan ya yi wa ɗan takara kara, da dukiyarsu ya yi kyautar.

Sai dai kalmar gwargwado tana da nauyi a nan. Wanda za a ba kuɗi, a tambayi yadda ya yi da kuɗin da ya taɓa riƙewa. Wanda za a ba makarantar kwana ta 'yan mata, a tambayi yadda yake da yara da mata. Rikicinsa da matarsa ta fari, ko asalin kakansa, ko ciwon da ya yi ya warke, waɗannan suna nan a ƙarƙashin sutura, kuma mai tono su ya fita daga wakilcin jama'a ya shiga biyan buƙatar kunnensa.

An ruwaito cewa wani mutum ya zo ba da shaida gaban Sayyidina Umar, sai Umar ya nemi a kawo wanda ya san shi. Wani ya miƙe ya yabe shi da kirki. Umar ya tambayi mai yabon ko maƙwabcinsa ne na kusa da ya san shigarsa da fitarsa, ko ya taɓa yin tafiya da shi, ko kuɗi sun taɓa haɗa su. Da ya amsa da a'a sau uku, Umar ya sanar da shi cewa bai san mutumin ba. Abin da ke burge ni a wannan labari shi ne mai yabon aka yi wa tambayoyin. Umar ya gane cewa shaidar kirki ita ma ajiya ce, kuma yawancin masu bayar da ita ganin nesa suka yi.

Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan yadda ake yi a Najeriya, za mu ga doka ba ta yi sakaci ba. Sashe na 147 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a naɗa minista sai Majalisar Dattawa ta amince, kuma dole ya cika sharuɗɗan da ake nema ga ɗan Majalisar Wakilai. Kafin sunan ya isa zauren majalisa, hukumar tsaro ta farin kaya takan duba mutum. Bayan naɗi, Jadawali na Biyar ya wajabta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata idan ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da kuma ranar da ya sauka. Ƙofofi uku ke nan. Amma duk wanda ya kalli tantancewar 2019 a talabijin ya ga yadda da yawa daga cikin mutum 43 da aka gabatar suka wuce da abin da ake kira "rusuna ka wuce", wato tsohon ɗan majalisa ya tsaya, a yabe shi, ya sunkuyar da kai ya fita ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Sunayen ma sukan zo babu ma'aikatar da za a ba kowa, don haka sanatoci ba su san ko wanda ke gabansu lafiya zai riƙe ko wutar lantarki ba. Wannan shi ne ainihin shaidar da Umar ya ƙi karɓa: mun san shi domin mun zauna a ɗaki ɗaya.

Shi ya sa manyan abubuwan da aka bankaɗo a tarihinmu na kusa 'yan jarida ne suka bankaɗo su, bayan an gama tantancewa an yi rantsuwa. A watan Yunin 1999 Salisu Buhari daga Kano ya zama Kakakin Majalisar Wakilai. Zaɓensa aka yi, ba naɗi ba, amma darasin ɗaya ne. Bai cika wata biyu ba mujallar The News ta bayyana cewa an haife shi a 1970, wato bai kai shekara talatin da doka ta nema a lokacin ba, kuma Jami'ar Toronto da ya ce ya yi digiri a cikinta ba ta san da shi ba. Ya fara musantawa, daga baya ya amsa laifinsa cikin kuka, ya sauka, kotu ta yanke masa hukunci tare da zaɓin biyan tara, sannan Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. Wasiƙa ɗaya zuwa Kanada da ta isa ta hana duk wannan. Rashin digiri bai hana shi shiga majalisa ba, tunda doka shaidar sakandare take nema. Ƙarancin shekarun ma da ya yi haƙuri da lokaci ya warkar da shi. Abin da ya kayar da shi ƙaryar ce.

Labarin Kemi Adeosun ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ya fi koyarwa. Ta zama ministar kuɗi a 2015. A Yulin 2018 jaridar Premium Times ta ruwaito cewa takardar da ta gabatar ta yafe mata aikin yi wa ƙasa hidima ta bogi ce. Ta ajiye aiki a watan Satumba, ta kuma bayyana cewa wasu amintattunta ne suka samo mata takardar, ba ta san jabu ba ce, kuma da ita aka tantance ta a Jihar Ogun a 2011, da ita kuma hukumar tsaro da majalisa suka tantance ta a 2015. A 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa tun farko hidimar ƙasar ba ta hau kanta ba, saboda matsayinta na ɗan ƙasa a lokacin da ta gama jami'a a Ingila. Ashe takardar da ta jawo mata faɗuwa ba ta ma buƙace ta ba. Ni a nan ba ministar nake kallo ba, masu duba takardar nake kallo. Takarda ɗaya ta ratsa hannun hukumomi cikin shekara bakwai, kuma ofishin da ake cewa shi ya bayar da ita yana nan Abuja. Da an tambaya tun 2011, da an rufa mata asiri, an kuma rufa wa ƙasa. Bincike na gaskiya da aka yi a kan lokaci shi ma wani nau'in sutura ne, domin yana tsayar da mutum a zaure kafin ya shiga kasuwa a ga yagewar rigarsa.

Daga waɗannan na fahimci abin da ya kamata bincike ya fi nema. Tsohon laifi yana da shekaru, kuma yana tsufa. Tsarin mulkinmu da kansa ya yarda da haka, tunda sashe na 66 ya hana wanda aka yanke wa hukunci kan rashin gaskiya tsayawa takara na tsawon shekara goma ne, ba har abada ba. Ƙaryar da mutum ya rubuta a takardar neman muƙami kuwa ba ta da shekaru, yau aka haife ta, kuma waɗanda zai yi wa aiki ya yi wa ita, a kan aikin da yake nema. Wanda ya ce na taɓa yin kaza, ga yadda aka yi, ga abin da na biya, ya ba masu ajiya damar su auna da kansu. Wanda ya ɓoye ya auna musu, ya kuma auna wa kansa da mudun da ya fi masa daɗi. Shi ya sa tuba ba ta cin karo da bincike. Allah Yana yafe zunubi ba tare da shawara da kowa ba, amma ajiya ta mutane ce, su ke da ikon cewa sun yarda ko ba su yarda ba. Kuma hana mutum muƙami ba jefa shi wuta ba ne. Abu Zarri, wanda aka shaida da gaskiyar harshe a cikin sahabbai, ya nemi a ba shi aiki, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana shi saboda rauni da ya gani a tare da shi game da ɗaukar wannan nauyi. Darajarsa ba ta ragu ba.

Akwai wani ɓangaren da masu kiran a tsananta bincike ba su cika son ji ba. Mai bincike shi ma an ba shi ajiya, kuma abin da aka ba shi mutuncin mutum ne. Sau biyu, a Disambar 2016 da Maris ɗin 2017, Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin hukumar EFCC bisa rahoton hukumar tsaro ta farin kaya, alhali shugaban ƙasa ɗaya ne ya aiko da sunansa yake kuma iko da hukumar da ta soke shi. Ya ci gaba da riƙon ƙwarya har 2020. A Agustan 2023 majalisa ta tabbatar da mutum 45 cikin 48, ta jingine uku, ciki har da tsohon gwamnan Kaduna Nasir El-Rufai, da cewa ana jiran rahoton tsaro. Ba a karanta wa jama'a abin da ke cikin rahoton ba. Ba ina yanke hukunci kan cancantar waɗannan mutane ba ne. Abin da ke damuna shi ne siffar abin: zargin da ba a bayyana ba ba ya karɓar amsa, kuma duk wanda ya riƙe irin wannan makami zai iya sare abokin hamayya da shi ya kira abin tsaro. Malaman hadisi, waɗanda suka ƙware wajen tantance mutane fiye da kowa a tarihinmu, mafi yawansu ba sa karɓar sukar mai ruwaya sai an faɗi dalilin sukar. Alƙalin Malikiyya kuma ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda za a yanke wa ko yana da sauran abin da zai kare kansa da shi. Rahoton da zai iya rufe wa mutum ƙofar aiki har ƙarshen rayuwarsa bai kamata ya kasa wannan ba.

Na kuma yarda bincike yana da makanta da ba ta warkewa. Baya kawai yake gani. Takarda mai tsabta wani lokaci shaida ce cewa ba a taɓa ba mutum komai ba, ko kuma ya iya share sawu. Da yawa sun shiga ofis da hannu fari suka fito da shi baƙi ƙirin. Umar ya san wannan, shi ya sa yakan rubuta dukiyar gwamna ranar naɗi ya sake ƙirgawa daga baya. Muna da irin wannan doka, amma takardun suna kulle a akwatunan hukuma, duk da tsarin mulki ya ce ɗan ƙasa zai iya duba su bisa sharuɗɗan da majalisa za ta gindaya. Da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya buga nasa a fili a 2007, abin ya zama labari ne saboda ƙarancin masu yi.

A dare na uku na tafi kantin Baba bayan sallar isha'i, na jira har masu sayayya suka watse. Na durƙusa na gaishe shi, harshena ya yi nauyi. Na ce, "Baba, an ɗora mini wani aiki da ya fi ƙarfina. Akwai wata magana da na ji daga bakin mahaifina." Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya ce, "Maganar taki ce, ɗana. Zauna." Ya gaya mini abin da ban sani ba. Buhunan sun fi yadda na ji yawa, shi ya buɗe siton da hannunsa, mahaifiyarsa na kwance a asibiti a lokacin amma ya ce kada in ɗauki wannan uzuri, domin rabin kuɗin keke ya saya da su. Gonar gadonsa ya sayar ya biya. Ya ce tun ranar da aka ambaci sunansa yake jiran wani ya zo ya tambaya, kuma da ba wanda ya zo, da ya rasa yadda zai yi da kansa. Washegari shi da bakinsa ya maimaita wa sauran biyun.

Mun tsayar da shawara mu ba da sunansa, da sharaɗin a buɗe asusu a banki mai sa hannun mutum biyu, a kuma riƙa karanta lissafi a masallaci duk ƙarshen wata. Muka yi alkawari maganar taki ba za ta fita daga tsakaninmu ba, tunda ta shafi amana kuma mun auna ta a madadin jama'a. Ban san bakin da ta bi ta fita ba. Kafin Juma'a ta zagayo, yara sun fara kiran jikansa da ɗan mai taki a hanyar makarantar allo. Baba ya aiko a cire sunansa. Aka ba ɗaya mutumin, wanda ba mu sami komai a bayansa ba, ya kuma riƙe kuɗin lafiya, aka haƙa rijiyar.

Baba bai daina ba da nasa kason ba duk Juma'a har aka gama. Makullin masallaci kuwa ya mayar wa liman da kansa, ba wanda ya nema. Har yanzu nakan sayi sukari da ganyen shayi a kantinsa, yakan tambaye ni iyali, ni kuma nakan duƙa fiye da yadda nake yi a da. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Kai aikinka ka yi." Ya juya ya ci gaba da auna wa wata yarinya gishiri.